Tsakuwa Sittin a Tankin Motar Baba

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne bazara ce, kuma ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina zaune a gidanmu na Sabon Gari a Wudil ina jiran aiki.

A ƙarƙashin rumfar ƙofar gida akwai tsohuwar mota, fara, doguwa, irin wadda aka daina kawowa. Baba da yayansa, wanda muke kira Baffa, su suka haɗu suka saye ta tun ba a haife ni ba. Ta yi shekara bakwai ko takwas ba a tashe ta ba. Da aka aiko daga Kausani cewa jikin Baffa ya matsa, Baba ya ce a gyara ta, yana so ya je ya ɗauko shi su zaga ta bakin kogi kamar yadda suke yi a da. Ni ya ɗora wa aikin.

Makanikin da ke duba ta tun asali dattijo ne da kowa ke kira Injiniya, ni kuma Farfesa yake ce mini. Ya ce inji lafiyarsa ƙalau, tanki ne matsalar. Da muka kwance shi muka leƙa, tsohon fetur ya daskare a ƙasa kamar ƙaro, tsatsa kuma sai ɓarewa take yi. Warin ya yini a hancina.

Dabararsa ita ce a zuba tsakuwa masu kaifi da kananzir a ciki, a toshe, a ɗaure tankin a amalanken wani maƙwabcinmu da ke kai taki gona da shanu. Gargadar hanya ce za ta yi kankarar. Na tambaye shi yadda za mu tabbatar duk tsakuwar ta fito, tunda akwai shingayen ƙarfe a cikin tankin. Ya ce girgizawa ake yi. Hankalina bai kwanta ba, sai na shimfiɗa buhu na jera su goma-goma, kashi shida.

"Farfesa," in ji shi, "in ka gama ka ba su lambar jarrabawa."

Ina haɗa kashi na ƙarshe mai amalanken ya yi sallama. Na miƙe muka gaisa: gida, iyali, zafin nan, shanu, jikin Baffa, sannan aka sake komawa kan iyali. Da muka gama na tattara na zuba.

Kwana biyu tankin yana bin taki. Da ya dawo muka tsiyaye wani ruwa mai kama da na rini, muka ɗauraye har sau huɗu, ina jin, ko biyar. Cikin ya yi fes. Na jera tsakuwar a kan buhu. Hamsin da tara.

Na sake ƙirgawa. Na girgiza tankin har kafaɗuna suka sage, na kara kunne, shiru. Na zura waya, na haska da fitilar hannu. Injiniya ya ce in ma tana ciki, ai matatar mai za ta tare komai.

"To in ta motsa ta toshe bakin tiyo fa, a hanya, da mara lafiya a mota?"

"Sai ka fito ka tura. Ba abin da aka koya muku a jami'ar ke nan ba?"

Ban yarda an mayar da tankin ba. Na ce a ba ni kwana ɗaya, ya zama huɗu. Kullum da hantsi in kifa shi, in bubbuga, in shanya a rana. Baba yana zaune a tabarmarsa yana kallona. A rana ta huɗu ya kira ni.

"Kai ka ga dutsen nan da idonka a ciki?"

"A'a, Baba. Amma ban gan shi a waje ba."

"A ɗaura."

Aka ɗaura. A karo na uku motar ta tashi, da hayaƙi da tari, sannan ta daidaita. Injiniya ya tuƙa, Baba a gaba, ni a baya ina sauraren ƙasan mota har Kausani. Ban ji komai ba.

Mun tarar Baffa ba ya iya tashi. Matarsa ta ce shekaranjiya ma ya zauna a zaure har ya tambayi ko motar ta tashi. Ba da wata manufa ta faɗa ba, na sani. Baba ya shiga wurinsa, can ya leƙo ya ce a matso da motar jikin taga, a bar injin yana aiki. Ina tsaye a waje na ji Baffa yana cewa, a hankali, "Ita ce. Har yanzu tana wannan 'yar shessheƙar." Suka yi dariya su biyu. Bayan sati ɗaya Allah ya karɓi abinsa.

Baba bai taɓa tayar mini da maganar kwana huɗun nan ba, har shi ma ya rasu. Motar tana nan, tana tashi, kuma tiyon bai taɓa toshewa ba. Ni dai na kasa sanin ko sittin na zuba, ko kuwa gaisuwa ce ta raba ni da lissafi a kan ta tara a kashi na ƙarshe.

Injiniya yana raye, mai amalanken ma haka, kuma akwai waɗanda ke zaune a inuwar rumfar ranar. Duk wanda ya ga kashi na shidan nan a kan buhu, ko ya tuna wani abu ba yadda na faɗa ba, don Allah ya aiko mini in gyara. Ko da amsar ba za ta yi mini daɗi ba, na fi son in sani.