Mirel Ba Ta Samu Takwara Ba

Bobba Pesha, wato Kaka Pesha a bakin Yahudawa, ta tsufa tana gasa burodinsu na Asabar a wani ɗan shago a Yeoville, cikin Johannesburg. Abu ɗaya ta roƙi 'ya'ya da jikoki duk tsawon rayuwarta: a yi wa yayarta Mirel takwara. Yahudawan da suka taso daga Lituwaniya ba sa raɗa wa jariri sunan mai rai, sai na mamaci, don kada sunan ya bi mai shi ƙasa.

Mirel ta rasu tana budurwa. Jirgin ƙasa ne ya take saurayinta, ta daina cin abinci, ta koma magana da irin muryarsa. Unguwa ta ce dibuk ne, wato kurwar mamaci ta shige ta. Tun daga nan duk wadda ta haifi mace a dangi sai ta tuno wata gwaggo daban da za a yi wa takwara.

Da Velvel, ɗan ƙanen Pesha, ya ce zai yi fim a kan Mirel, sai ta ɗauka ranar wanke yayarta ta zo. Ta cika masa ciki da miyar kaza, ta ba shi labari har muryarta ta dushe.

"Baƙin ciki ne ya kashe ta, ka ji ko? Kar ka je ka ƙara gishiri, ɗan nema."

"Haba Gwaggo! Sai kin yi kukan daɗi."

Da fim ɗin ya fito, Pesha ta sa hularta ta zuwa majami'a ta tafi sinima. Mirel ɗin fim tana rarrafe a silin, tana aman ƙwari. Ko sunan bai canza ba.

Masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca. Wani ya ce dariya ya sha daga farko har ƙarshe, wata ta ce tatsuniyar tsofaffi ce aka ɗumama. Ba wanda ya tambaya ko an taɓa yin yarinyar a duniya. Velvel ya tattara ya koma Landan, ya bar sunan a bakin yara. Ɗaliba na yin tari a aji sai a kwashe da ihu: "Mirel ta motsa!"

A shekarar ne Shira, jikar Pesha, wadda ta riga ta yi mata alkawarin takwarar, ta haifi mace.

"Bobba, ki yi haƙuri," in ji Shira. "Ba zan kai 'yata makaranta da sunan nan ba."

"Ke, ba ta taɓa hawa bango ba! Ko kujera tsoron hawa take yi."

"Ni na sani. 'Yan ajinsu fa?"

Ranar Asabar aka faɗi sunan a majami'a: Talia. Pesha tana benen mata, ta ce amin tare da kowa, ta karɓi barka.

Kafin a sake samun mace a gidan, tsohuwar ta rasu. Da aka samu, aka sa wa yarinyar Pesha.