Famfo Na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kano kafin ƙaddara ta ajiye ni a Guangzhou, inda na koma ɗan kai kaya. 'Yan kasuwa daga gida su yi oda ta waya, ni kuma in bi shaguna in tattaro, in loda a tsohuwar a-kori-kurata, in kai sito a Huangpu inda ake cika kwantena. Jarina bai wuce abu biyu ba: motar nan, da sanin da aka yi mini cewa idan na ce kaya za su shiga ranar Litinin, to ranar Litinin suke shiga.

Wadda ta fara yarda da wannan magana tawa wata Hajiya ce mai sayar da tufafi a Kantin Kwari. Ba ta taɓa zuwa Sin ba. Ni ne idonta a kasuwar tufafi ta Shisanhang, ni ne ƙafarta, kuma ta bakinta sauran masu ba ni aiki suka san ni.

Motar ta fara in'ina ne bayan baje kolin kaka na Pazhou. Da safe ta tashi lafiya, in babu kaya ta yi gudu kamar ba ita ba. Amma da an loda mata dila shida aka nufi hawan gada, sai in taka totur ta yi shiru, ta cije, ta fizga, irin yadda yaro yake yi idan an tsayar da shi an ce bakwai sau takwas nawa ne. Amsar takan zo, sai dai bayan na baya sun gaji da hon.

Na bi abin yadda na saba koya wa ɗalibai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Inji wuta yake so da iska da mai. Na canza fulogai. Na canza matacin iska, na canza na mai. Na bar gidan man da na saba na koma wani, ko da ruwa a nasu. Na sa aka wanke nozul. Kowane gyara sai ya yi kamar ya ci, bayan kwana biyu a koma gidan jiya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ciwon ba ya zama iri ɗaya. Wannan satin in'ina a kan gada. Sati na gaba ƙarfi ya dawo, sai wani kuka siriri daga wajen tanki kamar sauro a kunne. Wanda ya biyo baya kuwa, in ta yi zafi na kashe, sai na yi ta murza makulli kafin ta yarda ta tashi. A satin ne na makara, kwantena ɗaya ta tafi ba kayan Hajiya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi sau ɗaya kuskure ne, ta kuma tuna mini cewa saura kwantena guda kafin Sinawa su rufe komai su tafi hutun sabuwar shekararsu. In kayan ba su shiga wannan ba, sai bayan Salla za su iso Kano, kuma rigar Salla bayan Salla kowa ya san matsayinta.

Duk wannan bayani akwai wanda nake yi wa shi dalla-dalla. Wani Alhaji ne ɗan Maraɗi, mai safarar kayan gyaran mota, aminina na shekara shida. Tire ɗaya muke ci duk Juma'a bayan an sauko. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a asibiti, shi ya zauna yana yi mini tafinta. Tun bayan baje kolin ya ɗauki al'adar aron motar duk Asabar, wai zai kwashe kwalaye, ya dawo da ita an wanke, tanki cike. Ranar Talata kuma sai ya kira.

“Malam, ya lahiyar motar?”

In na ce da sauƙi ba ya barina. A wace giya ta cije? Da kaya ko babu? Da sanyin safiya ko da rana? Ni kuma, da na yi shekara da shekaru ban ga mai tambaya yana jiran amsa ba, sai in gyara murya in ba shi darasi cikakke, har da kwaikwayon kukan. Nakan ce a raina, Allah Ya ba kowa aboki mai damuwa da damuwarsa haka.

Asabar ta ƙarshe na so in hana shi, kunya ta hana ni. Da ya miƙo mini makulli har yana cewa yana jin wannan satin zan ji daɗinta. Na nemi motar haya don kada a yi biyu babu, amma a makon da kowa ke rige-rigen fitar da kaya ko keken guragu ba ka samu.

Litinin da hantsi na loda dilolin Hajiya a Shisanhang, ana yayyafi mai sanyi. Mun yi rabin hanya lafiya. A hawan babbar hanyar Huangpu na taka, ta cije, na sake takawa, ta yi tari biyu ta mutu. Kafin mai janwe ya zo, kafin in sami wanda zai kwashi kayan, la'asar ta yi. Na isa sito na tarar an rufe kwantena an buga mata hatimi. Mai sito ya ɗaga kafaɗa ya ce “meyo”, wato babu, kalmar da kowane baƙo yake fara koya a garin nan.

Washegari na kai motar wajen wani tsohon bakanike Basine, wanda kowa ke kira shifu, wato malami a harshensu. Bai tambaye ni tarihi ba, abin da ya ɗan sosa mini rai, don na zo da shi a shirye. Agogon awon ƙarfin mai ya ɗaura a bututu, ya sa aka tayar da ita da ƙyar. Allura ta hau ta tsaya ƙasa da inda ya kamata, da aka taka totur kuma ta faɗi. Ya ce famfon mai ne, wanda ke cikin tanki. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, can sai ya yafito ni. Ko'ina tsatsa da taɓo, ban da notunan da ke riƙe da tanki. Su suna ƙyalli, gefunansu duk sun cinye da sifana. Ya rubuta a wayarsa, ta fassara mini: sau nawa ka sauke tankin nan?

Na ce ban taɓa ba.

Da ya zaro famfon, babu sunan kamfani a jikinsa. Sai ɗan farin salatif, an rubuta lamba huɗu da biro, da kwanan watan Asabar ɗin da ta wuce. Wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana makin jarrabawa ba ya mance rubutun hannu. Na sha ganin wannan a jikin kwalayen Alhaji da ake lodawa a motata.

Na sami Alhaji a ɗakin ajiyarsa yana shan shayi. Na ajiye famfon a kan teburi. Bai yi musu ba, wannan kam zan ba shi makinsa. Ya nuna mini kanta, ga na ɗaya, na biyu, na uku a jere suna warin fetur, ga nawa na asali an naɗe shi da tsumma. Ya ce masana'antu huɗu ne suka ba shi samfur a Pazhou, a ido duk ɗaya suke, kuma ba zai cika kwantena da abin da bai gwada ba. A nan mota ta mutu sai a kira janwe. A hanyar Agadas kuwa, in famfo ya mutu, wani lokaci har da mutanen ciki. Duk Asabar sai ya kai ta wani gareji a sauke tanki a sa na gaba.

Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini.

“Malam, da na hwaɗa maka, da kunnenka ya ɓaci. Kowane ƙara ka ji sai ka ce hwamhon ne. Kuma duk garin ga, kai ɗai na sani da ba ya ƙari bisa abin da ya ji.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsarin nasa daidai ne. Da ɗalibi ne ya kawo mini shi a takarda, da na rubuta masa “madalla” da jan biro. Shekara shida ina zaton abokina yana sauraron kukana, ashe a makonnin nan awo yake ɗauka. Na ce masa ai ya san da maganar kayan Hajiya, a kan tirenmu na gaya masa. Ya sunkuyar da kai ya ce wallahi ya ɗauka na huɗun ne zai fi duka, don shi ne mai nauyi a hannu. Ya ce in ba shi lambarta ya yi mata bayani da kansa.

Ban ba shi ba, don babu sauran bayani. Tun da safe ta riga ta kira. Ta gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ta ce in miƙa dilolin ga wani da za ta turo. Kafin a dawo daga hutu, mutum uku cikin waɗanda ta haɗa ni da su sun bi bayanta, kowanne da sallama mai kyau.

Shifu ya mayar da famfona na asali, motar ba ta sake cijewa ba, sai dai yanzu ba ta cika samun dila shida da za a gwada ta da su ba. Na ji an ce na biyu Alhaji ya zaɓa, mai kukan sauron nan, kuma yana tafiya sosai a Maraɗi. Muna haɗuwa duk Juma'a, muna musabaha, kowa ya nufi tirensa. Wani lokaci yakan tambayi lafiyar motar. Nakan ce masa lafiya lau.