Jan Fentin da Ya Kayar da Kawuna

Har yau in aka ɗauko zancen zaɓen kansila da ya wuce a unguwarmu ta Argungu, sai ka ji ana cewa kawuna ya so ya rushe gidajen talakawa ne Allah ya tona asirinsa. Ba haka aka yi ba. Ni na yi ɓarnar, shi ya ɗauki laifin, kuma na gaji da jin ana zaginsa ina zaune kamar ban san komai ba. Shi ya sa na rubuto muku.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare a Birnin Kebbi ba. Na zauna wurin gwaggona a Badariya, na saba ganin titi miƙaƙƙe da gidan bulo, don haka da na dawo gida komai haushi yake ba ni: lungu ya karkace, ruwa ya kwanta a ƙofar gida, mutane su tsaya gaisuwa kamar ba su da abin yi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya daɗe yana aiki da masu awon ƙasa kafin ya ajiye. Da ya fito takara, sauran 'yan takara suna alkawarin taki da famfo, shi kuwa takarda ya naɗo a hammata. Ya zana yadda hanya za ta tashi daga kasuwa zuwa bakin gulbi, da inda lambatu zai bi don ruwan damina ya daina cin gindin gidaje. Abin da ya fi damunsa shi ne kada hanyar ta cinye abin da kakanni suka bari: guntun ganuwa, tsohuwar rijiya, marina, da wasu zaurukan ƙasa da babu maginin da zai iya irinsu yanzu. Cewa yake hanya tana iya lanƙwasa, amma zauren da ya faɗi ya tafi ke nan.

Da yake ni ce mai karatun boko a gidan, kuma ina iya shiga cikin gidaje wurin mata, sai ya ba ni aiki. Ya ce in bi wuraren da yake so a tsare ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama, in zauna, in gaisa, in bayyana wa mutanen gida abin da ake nufi, in sun yarda sannan in sa ƙaramar lamba da farar ƙasa a gefen ƙofa, don ta yi daidai da lambar da ke takardarsa. Na yi gida biyu a yini guda. A na biyun sai da na sha fura, na ji labarin ciwon ƙafar uwargida tun daga farkonsa. Washegari ruwa ya sauka ya wanke lambobin tas. Raina ya ɓaci. Na je wurin mai gyaran kekuna na karɓi ragowar jan fenti a gwangwani, na fita da hantsi lokacin maza duk suna fadama wurin dashen shinkafa, na bi wuraren nan kaf na zabga musu lamba manya-manya. Ban yi wa kowa sallama ba. Duk inda na gama sai in ƙara gicciye a gefe don kada in maimaita. Kafin azahar na dawo ina jin kaina, wai na yi aikin mako a rabin yini.

Abin kunyar shi ne na san ma'anar jan gicciye a bango. Da idona na gani a Birnin Kebbi lokacin da aka faɗaɗa titi: in an shafa maka shi, katafila na tafe. Kuma kowa ya san abin da mai hankali ke yi, ya cire azararsa da ƙyaurensa tun kafin a zo a murƙushe su. Gaggawa ce ta rufe mini ido. Akwai wani tsoho mai saƙar homar kamun kifi, zaurensa ya fi kowanne kyau a cikin jerin, kakansa ne ya gina. Da ya dawo ya ga alamar, bai tambayi kowa ba, ya tara 'ya'yansa suka yaye rufin cikin kwana biyu. Ruwa ya zo ya sami bango tsirara. Zauren da Kawu ya fi so ya tsira, shi ya fara narkewa.

Abokin takararsa ya samu abin da yake nema. Yana yawo yana cewa ku dubi mutumin da ko kujerar bai hau ba ya fara rushe-rushe, ina ga ya hau. Mata a bakin rijiya suka laƙaba wa Kawu suna Katafila, in ya wuce a yi ta gyaran murya. Da ya kira ni, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai ɗiyata, kin gaishe su? Ni da bakina na ce masa gaisuwar ce ke cin lokaci. Na ce to bari in fita in faɗa wa gari ni ce. Ya ce kul, shi ya aike ni, kuma ba zai sayi ƙuri'a da sunan ɗiyar 'yar'uwarsa ba, domin garin nan in ya kama sunan budurwa ba ya saki. Ya tafi wurin tsohon ya durƙusa a gaban tarin ƙasar, ya ce laifinsa ne. Tsohon ya ce masa da ya aiko da baki kafin fenti, da ko azara ɗaya ba a taɓa ba. Kawu ya bi sauran gidajen yana bayani, wasu suka yarda, da yawa suka ce daɗin baki ne na mai neman kujera. Ranar zaɓe ya sha kaye.

Ga inda nake ɗaga kai. Da aka tashi yin hanyar, wanda ya ci ba shi da ko zane ɗaya, dole ya aiko a roƙi takardar Kawu. Ni na ce kada a bayar. Kawu ya ce gari ya zana wa, ba kansa ba, ya miƙa. Ba duka aka bi ba, marinar an cike ta da ƙasa. Amma hanyar ta kauce wa rijiya, ta kewaye ganuwa, kuma daminar bana ruwa bai shiga ɗakin kowa ba a layinmu. Masu kiransa Katafila a kan hanyarsa suke tafiya.

'Yan'uwana da muka yi boko, ku ji daga wadda ta gwada. Takarda da lamba ba sa yi wa mutum bayani, sai an zauna da shi. Abin da nake kira ɓata lokaci, ashe shi ne aikin kansa.

Na yanke shawara. Da zarar an gama yankan shinkafa zan shiga gidan tsohon nan ta wurin matansa, in durƙusa in faɗa masa hannun da ya riƙe burushin, kuma in ce ya faɗa wa duk wanda ya ga dama. Kawu zai yi fushi in ya ji. To, ya yi.