Layin da Ba Ka Sa wa Hannu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, ina kan keken motsa jiki a ɗakin gashin ƙashi ina jiranka, mai horar da mu ya shigo ya ce Allah ya yi maka rasuwa da asuba. Ban sauka ba, Baba Sannu. Minti ashirin ka ce in riƙa yi, kuma ban san abin da zan yi in na sauka ba.

Wata takwas ke nan da jijiyar gwiwata ta tsinke a filin ƙwallo. Bayan tiyata, da aka kawo ni wurinka gashi, ka ba ni kati mai layi biyar, kowane layi sai ka sa hannu da jan biro kafin a wuce shi. Na farko kumburi: ƙanƙara da matashi a ƙarƙashin ƙafa. Na biyu lanƙwasa gwiwa, ina kuka kana ba ni labarin jikokinka. A na uku ka ƙwace sandata ka rataye ta a bango. Da na saci gudu kafin lokaci gwiwar ta sake kumbura, ba ka yi faɗa ba, ka mayar da ni baya mako uku kana cewa, "Ɗana, sannu ba ta hana zuwa." Ranar na ji haushinka ƙwarai, ka yafe mini.

Na huɗu, gudu da juyi, ka sa hannu watan jiya. Saura na biyar, komawa fili. Na tambaye ka yaushe, ka ce, "Ranar da ka manta wace ƙafa ce ta ji ciwo. Ni zan gani, ba kai ba."

To yanzu wa zai gani? Mai horarwa yana so in buga wasan Asabar. Sabon likita ya duba hoto ya ce komai lafiya, amma bai san yadda nake ɗage ƙafar in na tsorata ba.

Ga abin da ya ƙara rikita ni. Da muka ɗauko makararka, akwai wani lambatu a hanya. Na tsallake shi da nauyinka a kafaɗata, sai da muka dawo ƙaninka ya ce a kan ƙafar hagu na dira, mai ciwon. Wallahi ban sani ba. Warkewar ke nan, ko baƙin ciki ne ya mantar da ni? Kai kaɗai ka iya bambancewa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da Aljanna a kan kowace ƙafa da ka tayar. Mama matarka da yara da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Katin yana aljihuna, ban ba kowa ya cike layin ba.