Amsoshin da Suka Shiga Hula

Sau biyu ina faɗuwa Turanci a jarrabawar kammala sakandare. Sauran darussa duk na haye, shi kaɗai ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma in babu kiredit a cikinsa makarantar koyon aikin jinya ba za ta ko dubi takarduna ba. Lokacin da zan gwada karo na uku ina gidan aurena a Ƙauran Namoda, da 'ya'ya biyu. Na yi wa kaina alkawari in na sake faɗuwa na haƙura ke nan har abada.

Inda na fi shan wuya shi ne inda ake barin gurbi a jimla a ce ka zaɓa: kalmar da ke siffanta abu, ko 'yar'uwarta mai siffanta aiki, wadda galibi ake manna wa haruffa biyu a ƙarshe. Ni wutsiya nake kiran haruffan nan. In na sa wutsiya a ce ba a so, in na cire a ce ita ake nema. Da na gaji sai in leƙa bayan littafin, inda aka jera amsoshi, in kwafa, in gamsu da kaina.

Maigidana manomi ne, gonarsa na ƙauyen Banga. Bokonsa bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma ya yi karatun allo mai zurfi. Wata rana ya kama ni ina leƙen.

Ya ce, "Wanga ba karatu na ba. Wa yat taɓa ganin mai hadda shina kallon allo?"

Kafin in buɗe baki ya ɗauko reza, ya yanke shafuka huɗu na amsoshin, ya ninke, ya cusa a hularsa. Ranar na ji haushinsa ƙwarai, har tuwon ma sai da ya yi gudaji.

Daga nan kullum amsoshina gona suke wuni. Sai bayan la'asar in ya dawo, ya zauna kan tabarma a tsakar gida, ya tuɓe hula ya warware takardun. Harafin amsa kawai yake iya dubawa.

"Ta bakwai?"

"B."

"Ba ita ta ba. Koma ki biɗo."

Ba ya faɗa mini daidai, dalilin amsar kuwa shi ma bai san shi ba. Dole in koma cikin darasi in tono abin da ya sa. In na dace kuma babu yabo, "wuce" kawai zai ce. Wata rana na ƙufula na ce, "Haba Malam, kai da ba ka ma san mi aka tambaya ba!"

Ya yi dariya ya ce, "Mai gadi ba sai ya san abin da ac cikin ɗaki ba."

Saura kwana tara a shiga jarrabawa, ruwa ya kama shi a gona. Ya dawo sharkaf, muka zazzage hula, takardun sun zama ƙullu. Ga babi uku ban taɓa ba, littafin kuma a Gusau aka sayo mini shi. Na zauna bakin murhu na yi ta kuka, don a raina na riga na faɗi.

Ya canza riga, ya shimfiɗa tabarmarsa a ɗaki, ya ce, "Kawo ta ɗaya."

Na ce, "Da mi za ka duba?"

"Ke dai kawo."

Ashe a gona, duk sanda ya zauna shan fura, yakan ciro takardun ya yi ta biyawa kamar yadda ya saba tun yana yaro, har ya haddace su shafi-shafi. Ban yarda ba sai da na gwada shi da babin da muka riga muka wuce. Ko ɗaya bai kuskure ba. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya rufe ni.

A ɗakin jarrabawa, duk sanda hannuna ya nufi amsa da garaje, sai in ji muryarsa, in koma in sake karanta jimlar.

Yau na daɗe ina aiki a wani ƙaramin asibiti, kuma har gobe in ya so tsokana yakan biya wa yara amsoshin babi na tara, su yi ta dariya. Amma ranar da ba na mantawa ita ce ranar da na karɓo sakamako. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na miƙa masa takardar, bai karɓa ba.

Ya ce, "Wane harafi anka ba mu?"

Na ce, "C. Kiredit."

Ya ajiye fartanyar, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ita ta."