Shekarar da Yaya Ya Nemi Kansila

Har gobe idan na ji manya a rediyo suna cacar baki a kan ko a kai wa wata ƙasa hari tun kafin ita ta kawo, sai in tuna da yayana, in yi ta dariya ni kaɗai a bakin murhu. Mu ma an yi wannan muhawarar a ƙauyenmu, can wajen Bagwai. Sai dai tamu a gindin rimi aka yi ta, ƙasar da za a kai wa harin kuwa 'yan bukkoki ne a gonar mahaifiyata.

A wajenmu gona ba ta hutawa. Ta wannan na jingine da ta wancan, babu dajin da za a sare a yi sabuwa, don haka wanda bai zuba taki ba ya yi wahalar banza. Inna tana da tata dabarar tun kafin a haife ni. Da an kwashe dawa, sai wata Bafulatana da muke kira Goggo ta sauka da iyalinta da shanunsu, su kafa ruga a gonar. Shanu su ci kara su bar mana kashi, su kuma su samu wurin zama har faɗuwar ruwa. Zumuncin ma ya wuce na taki. Lokacin da aka haifi Yaya, Inna ta kwanta ciwo nono ya ɗauke, Goggo ce ta haɗa shi da ɗanta ta shayar da su tare. Babu wanda bai san haka ba a garin, har tsokanarsa ake yi wai shi ya sa ya fi mu dogon hanci.

A shekarar da Yaya ya fito neman kansila, labarin 'yan bindiga ya yi yawa daga yamma. Kullum da saƙon muryar da za a turo a waya, kowanne ya fi na jiya tayar da hankali. Ana cikin haka aka ga baƙin maza a rugar Goggo. Shi ke nan, gari ya ɗauka!

Abokin takarar Yaya mai shagon takin zamani ne, kun ga kuwa da ma ba shi da dalilin son shanu. Shi ya fara tsayawa a gindin rimi ya ce, "Rigakafi ya fi magani. Mu riga su, tun ba su riga mu ba."

Yaya ya miƙe ya ba shi amsa. Ya ce ba a hukunta mutum a kan abin da ake tsammanin zai yi. Ranar har cewa na yi a zuba masa nama biyu a tuwo, don na ji daɗi ƙwarai.

Kwana kaɗan matasa suka zame daga bayansa suka koma wa mai taki. Sai ga Yaya da amsa-kuwwa, wai ya sake nazari. Ba ma rigakafin kaɗai ba, shi har rana ya sa: Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a je a tashi rugar. Abin dariyar kuma, dagaci ya kira mai taki ya ja masa kunne, sai gogan naka ya yi amai ya lashe. Ya ce shi bai taɓa cewa a taɓa kowa ba, cewa ya yi a sa ido. Aka bar Yaya riƙe da maganar da ba tasa ba ce tun asali.

Na same shi a zaure na ce, "Yaya, ashe ba ka da kunya? Goggon?"

Ya ce, "Ke ba ki san siyasa ba."

Na ce, "Siyasa ce ban sani ba, amma na san hawainiya."

Ya ɗaga takalmi, na fice.

Ranar Juma'a da hantsi ta ce in ɗauko kaskon suya da tunkuza da tabarma. Sana'arta ƙuli-ƙuli ce, ta ce yau a gona za ta yi. Muka tarar Goggo ta fara ɗaure ƙorai, za su tashi. Baƙin nan da ake ta faɗa suna zaune a inuwa, ashe 'yan'uwanta ne da su ma 'yan bindigar suka kwashe wa shanu. Wani dattijo a cikinsu ba shi da komai sai sandarsa.

Inna ta ce, "Kwance kayan nan. Gonata ce, ni na sauke ki, ni zan sallame ki."

Ta hura wuta a ƙofar bukkar ta ɗora kasko.

Bayan sallah muka hango matasan, da gorori a kafaɗa, Yaya a gaba cikin farar babbar riga. Wallahi na ji tsoro. Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta mulmula ƙuli tana jefawa a mai.

Yaya ya durƙusa ya rage murya. "Inna, don girman Allah ki tashi ki koma gida."

Ta ce, "Ai ina gida."

Sai ga Goggo ta fito da ƙwaryar fura da ludayi, kamar yadda take yi duk ranar da ya leƙo rugar tun yana yaro. Ta miƙa masa ta ce, "Ɗana, ka sha rana. Zauna ka sha kafin ku fara."

Ya karɓa. Ya zauna a tabarmar da farar rigar tasa, ya sha ludayi ɗaya, ya ƙara, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar. Sannan ya miƙe ya fuskanci yaran nan ya ce duk wanda zai taɓa bukka ɗaya a nan ya fara da shi.

Wani daga baya ya yi ihu, "Au, ka sake juyawa?"

Ya ce, "Na sake. Ku je ku faɗa."

Aka yi ta gunaguni, aka watse da ɗai-ɗai. Wasu ma sai da suka tsaya sayen ƙuli, Inna kuwa ba ta yi wa ko ɗayansu gyara ba.

Zaɓe dai Yaya ya sha ƙasa, mai taki ya ci. Aka yi ta kiransa mai baki uku a kasuwa, ya yi wata guda ba ya zama gindin rimi. Damina ta zo, geron gonar ya yi kyau, shi da kansa ya yi ɗaurin dammunan.

Goggo ta tsufa yanzu, a kan jaki ake kawo ta, amma kowace kaka tana sauka. Da ta hango shi tafe sai ta ɗaga murya ta ce, "Kansila! Zo ga fura." Duk garin nan babu mai kiransa haka sai ita. Shi kuma ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Na'am, Goggo."