Harshen Mai Kek

Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu Mai Kek take aiki da harshenta. Gwaggonta ce ta koya mata sana'ar a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, inda obin na gasa kek ya ci rabin wurin, zafi ya ci sauran. Gwaggon ba ta yarda da sikeli ba. A wurinta, duk mai auna fulawa da sukari bai gama koyo ba. A zuba, a kwaɓa, a dangwalo da yatsa a kai baki, harshe ya faɗi abin da ya rage. Haka Mai Kek ta tashi, haka ta gaji ɗakin da obin ɗin bayan rasuwar gwaggon, har sunanta na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Mijinta ma, mai gyaran firij, in yana neman tsokana da sunan sana'ar yake kiranta.

Shekara uku da suka wuce ta yi cikinta na fari. Yaron ya yi girma sosai a ciki, kowa ya gan ta sai ya ce ƙato za ta haifa, ita kuma tana murna. Saura mako biyu ta haihu ya daina motsi. Aka ciro shi babu rai. Ba ta taɓa ba kowa labarin ranar ba, babu kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta.

Da ta sake samun ciki, a wata na shida aka ba ta ruwan zaƙi ta sha a wurin awo, aka ɗebi jininta sau uku. Likita, wata mace mai ƙaramar murya da ba ta iya kewaye-kewaye ba, ta ce mata ciwon suga ne irin wanda ciki ke kawowa. Idan suga ya yi yawa a jinin uwa, in ji ta, ɗan cikin ke sha, ya yi ta ƙiba har abin ya zame masa haɗari. Ta ba ta ɗan injin gwaji, da allurorin tsira yatsa, da littafi. Sau huɗu a rana za ta gwada ta rubuta, kuma awa biyu bayan cin abinci kada lambar ta haura bakwai.

Mai Kek ta ɗauki maganar kamar hukunci. Ta daina shan shayi da sukari, ta raba gari da lemon kwalba, shinkafa sai cikin tafin hannu, sauran faranti ganye da kifi ko ƙwai. Bayan kowane ci takan zaga layinsu sau uku, ƙafa a kumbure. Amma lambobin suka ƙi jin magana. Da safe lafiya lau, rana na yi sai tara, sai goma.

Kowace Talata masu irin ciwonta suke haɗuwa a kan dogon benci a ƙofar ofishin likita. A nan ta saba da mata biyu. Ɗaya Malama ce, mai koyar da lissafi, siririya mai tabarau, wadda littafinta ke da layuka da jan biro kamar za a ba shi maki. Ɗayar kuwa Uwar Biyu ake ce mata tun kafin ta haife su, babbar mace mai dariyar da ke sa nas ta leƙo. Ita ta girme su, haihuwarta ta biyar ke nan, kuma ita ta kafa dokar bencin: kowa ta buɗe littafinta a gaban 'yan'uwa kafin ta shiga, babu ɓoye-ɓoye.

A Talatar mako na talatin da biyu aka yi wa Mai Kek hoton ciki. Likita ta daɗe tana kallon allon, ta auna, ta sake aunawa.

"Tumbin yaron ya wuce satinsa, ruwan ma ya ƙaru," ta ce. "Yau za mu fara allurar insulin, kaɗan. Amma lambobinki na rana ban gane musu ba. Abin da kika rubuta kina ci bai isa ya kai su nan ba. Akwai abin da ba ki rubuta ba?"

"Wallahi babu, Likita."

"To. Mako ɗaya. In ba su sauka ba zan kwantar da ke, wataƙila kuma mu ciro shi kafin lokaci. Kullum ki riƙa lura da motsinsa."

Ta fito ta zauna tsakanin matan biyu, hannu a kan ciki tana jira ya motsa. Sai da ya ɗan shure ta sannan ta iya faɗa musu abin da aka ce.

Uwar Biyu ta matso, ta rage murya. "Ƙanwata, faɗi gaskiya, ba mai dukanki. Ni nan da kike gani akwai ranar da na shige banɗaki da biskit ɗin yara, na ci ina kuka. Kina zaune cikin kek daga safe har yamma, ai ke ma mutum ce."

"Yaya, rabona da kek tun ranar da aka ba ni littafin nan. Ko ɓarɓashi. Kina ganin zan sayar da ɗana a kan kek?"

Muryarta ta tashi har mutane suka waiwayo. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, domin ta san bakinta da yunwar da yake kwana da ita, ga shi ana mata kallon mai satar ci. Malama ta miƙa hannu. Ta zare littafin daga hannunta tana bin shafukan da bakin biro.

"Me kike yi ranar Litinin?" ta tambaya.

"Ba komai. Ranar ce ba na buɗe shago."

"Litinin shida a littafin nan, duk shidan ba ki haura bakwai ba. Gobe ƙarfe nawa kike fara aiki?"

Washegari da hantsi suka iso, Uwar Biyu na haki tana tsine wa matakalar shagon. Mai Kek ta ba su kujeru a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, fuskarta a ɗaure. Ta ce su duba ko'ina, har cikin kwandon shara. Malama ta ce ba bincike suka zo ba, hira suka zo, ta yi aikinta kawai. Sannan Malamar ta ɗora takarda a gwiwa.

Kek uku gare ta ranar. Ta fasa ƙwai, ta buga bota da sukari, injin kwaɓi na gurnani. Uwar Biyu ta ɓalle da labarin yadda mijinta ya zube a kujera da aka ce masa biyu ne, tun Mai Kek na cin magani har ta fara dariya. Hannunta na ta aikinsa, ta haɗa kirim fari, ta haɗa mai cakulan, ta dafa ruwan sukarin da ake shafa wa kek don ya yi laushi. Malama dai ba ta dariya. Lokaci-lokaci sai ta ja ɗan layi a takarda.

Bayan awa ɗaya da rabi ta ce a kashe injin. Ta juyo takardar.

"Ashirin da shida."

"Ashirin da shida me?"

"Sau ashirin da shida kika kai hannu baki. Tara da yatsa, sauran da cokali. Ruwan sukarin nan kaɗai kin kurɓa sau huɗu."

"Ni? Haba Malama, ai ɗanɗanawa ce, ba ci ba ne. Kuma ma ban..."

Uwar Biyu ta kamo wuyan hannunta ta ɗaga. Yatsar a jiƙe take, ga sauran kirim a gefen farce. Mai Kek ta tsaya tana kallonta kamar ta wani ce. Shekara goma sha tara hannun nan na zuwa baki ba tare da ya nemi izininta ba, ko da wasa ba ta taɓa sa shi a lissafin abinci ba. Aka wanke hannun, aka tsira yatsa. Su uku suka sunkuya a kan ɗan injin gwajin yana ƙirga daƙiƙoƙi. Goma da ɗigo huɗu.

Mai Kek ta sulale ta zauna a kan buhun fulawa.

"Wancan ma haka na yi. Har ana gobe ya daina motsi ina nan tsaye ina aiki. Ashe ni ce..."

"Kul!" Uwar Biyu ta daka mata tsawa, idonta ya kawo ruwa. "Kada ki ƙarasa. Ni kek nake yi da ya kama ni? Ciki ke kawo shi. Wancan karon ba wanda ya gwada ki, ba wanda ya faɗa miki. Wannan yana nan yana shurinki, da shi za mu ji. Tashi."

Ta zazzage jakarta, ta zaro takunkumin asibiti cikin ledarsa, ta ɗaura mata a baki da kanta. Malama ta ce da yamma za ta aiko da sikelin kicin ɗinta, a auna komai a rubuta a manna a bango. Mai Kek ta ce gwaggonta da tana raye da ta kore su da muciya. Duk da haka ta koma bakin aiki. Kafin ta gama kek na uku gaban takunkumin ya yi dabbare-dabbare da kirim, hannun na zuwa yana tarar da ƙofa a rufe.

Makon ya yi mata tsawo. Ɗanɗano ya koma hannun mijinta, mutumin da ko gishiri aka zuba a kek zai ce ya yi daɗi. Wata mai saye ta yi ƙorafi cewa hannunta ya canza, Mai Kek ta ba ta haƙuri ba ta yi bayani ba. Kullum da rana wayarta sai ta yi ƙara, Malama ce, tambayarta ɗaya: nawa? Alhamis takwas. Juma'a bakwai da ɗigo biyu. Ranar Asabar yaron ya yi shiru tun safe, ta kashe obin da kek a ciki, ta kwanta a gefen hagu a ƙasan shagon kamar yadda aka koya musu, wayar a hannu tana shirin kiran mijinta su tafi asibiti. Uwar Biyu na kan layi tana cewa ta ba shi minti kaɗan, in bai motsa ba kada ta jira kowa. Sai ya juya, ya shure ta sau uku a jere. Kek ɗin dai ya lalace.

Ranar Talata likita ta karanta littafin shafi-shafi, ta ce ba za ta kwantar da ita ba, amma allura na nan, kuma duk mako sai an duba yaron. Haka suka ja, mako bayan mako, takunkumi bayan takunkumi, har na talatin da takwas, aka ba ta gado aka sa mata ruwan naƙuda.

Da azahar ya fito. Ungozoma ta juya mata baya da shi a hannu tana goge shi da tawul, tana murza bayansa. Ɗakin ya yi tsit. Mai Kek ta ɗago kai ta kasa tambaya, ta riƙe ƙarfen gadon har yatsunta suka sage. Sai ya tsala ihu, ƙarami da farko, sannan da dukan ƙarfinsa.

Aka ɗora mata shi a ƙirji. Ungozomar ta shiga jijjiga shi tana cewa ya isa, ya isa, saurayi.

"A'a, Sista," in ji Mai Kek, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta. "Don Allah kada ki rarrashe shi tukuna. Bar shi in ji."